Ƙafar da Ake Yi wa Shirin Sufeto

Ramin da ke ƙwaurin Direba bai fi kafar maɓallin riga girma ba. Wannan ba kintace ba ne, domin matarsa, Malama, ta auna shi da rula. Wata goma ke nan yana tsatso wani ruwa mai kauri, ba fari ba, ba rawaya ba, kuma wata goma ke nan asibiti yana rubutawa a fayil cewa ƙafar tana samun sauƙi.

Asalin abin, shekara uku da suka wuce tirelarsa ta kwanta a wata kwana, ƙashin ƙwaurinsa na hagu ya karye gida biyu. Likitoci suka ɗaure shi da wani ƙarfe mai tsawon taƙi guda da kusoshi takwas. Ƙashi ya haɗe, Direba ya koma bakin sitiyari, har yana alfahari cewa shi ma yanzu yana da safaya a jiki. Bayan shekara biyu sai wani ɗan ƙurji ya fito a kan tabon ɗinkin, ya fashe, ya ƙi rufewa. Tun daga nan bai sake taka kuloci ba.

Ita kuwa Malama, shekara talatin da ɗaya ta yi tana koyarwa, goma sha huɗu daga ciki tana shugabar makarantar firamare, kuma har ta yi ritaya babu sufeton da ya taɓa rubuta mata laifi. Hanyarta sananniya ce. Kwana uku kafin zuwan sufeto za a shafa wa duwatsun bakin hanya farar ƙasa, a yanke wa yara farce, a kai karyayyun bencina bayan sito, a kuma zaunar da waɗanda ba su iya karatu ba a layin tsakiya, inda ta lura yatsan sufeto bai cika sauka ba. Ba ta taɓa ɗaukar wannan a matsayin yaudara ba. A wurinta ladabi ne ga babban baƙo.

Da ƙafar mijinta ta zama aikinta na ritaya, sai ta tafiyar da ita bisa tsarin da ta sani. Ranar Talata ake ganin likita, duk bayan mako huɗu, shiri kuma yana farawa tun Asabar. A farkon ciwon an rubuta musu wani kafso mai ja da rawaya na kwana bakwai, Malama ta lura cewa in ya sha na kwana uku ramin yakan bushe. Mai kyamis na bakin layinsu bai taɓa tambayarta takarda ba. Saboda haka Asabar, Lahadi da Litinin, kafso safe da yamma. Ranar Talata da safe sai ta matse ramin har ya daina ba da komai, ta ɗura masa ruwan kashe ƙwayoyin cuta da sirinji, ta goge gefensa, ta naɗe shi da sabon bandeji, sannan ta miƙo wandon da ta yi wa guga tun jiya.

"Hedimasta, ƙafa ce fa, ba 'yan aji shida ba," in ji Direba, yana cije leɓe.

"Miƙe ta, Malam. Ina raye ba za ka shiga gaban likita kana wari ba."

"To ai warin ne ya kai mu."

"Ciwo ne ya kai mu. Wari sakaci ne. Ɗaga."

Duk abin da ta yi tana rubuta shi a wani littafi mai baƙin bango, kowane shafi an ja masa layi da rula: rana, lokaci, abin da aka yi, abin da aka gani.

Sashen ƙashi na asibitin wani dogon baranda ne mai benci shida, bangonsa kore daga ƙasa zuwa kafaɗa, fari daga nan zuwa sama, da fanka guda mai juyawa kamar roƙonta aka yi. Akwai tagar karɓar kati, akwai ta neman fayil, akwai kuma ta gaya wa mutum cewa ba a ga fayil ɗinsa ba. A benci na uku suke tarar da Tela, wanda aka yanke wa ƙafar dama daga ƙasan gwiwa, yake zuwa a duba masa dungun. Shi ma nasa da ɗan rami ya fara, kuma ba ya gajiya da sanar da jama'a haka.

"Direba! Har yanzu kana nan da biyu?" in ji shi wata Talata, yana buga sandarsa a ƙasa. "Ni fa na gama tunani. Taka ta hagu ce, tawa ta dama. In sun cire ta, takalmi ɗaya ya ishe mu, kai ka ɗauki ɓarin dama, ni na hagu. Lamba nawa kake sawa?"

"Arba'in da huɗu. Kai da ƙafarka kamar ta ɗan yaye, me za ka yi da shi?"

"Sai in cusa tsumma, abokina. Shi ne bai taɓa yanke min ba."

Duk bencin ya yi dariya. Malama kaɗai ba ta yi ba.

Likitocin da ke duba su matasa ne masu neman ƙwarewa, ana sauya su duk wata uku. Kowanne yakan kwance bandejin, ya ga rami busasshe, gefensa tsaf, ya ce, "Kai, Mama, sannu da ƙoƙari. Da haka kowa ke kula da majinyacinsa, da mun huta." Sai ya shafa wani tsinke mai auduga a bakin ramin, a aika da shi ɗakin gwaji. Bayan kwana biyar takarda ta fito: ba abin da ya tsiro.

Kafin takardar ta fito kuwa ruwan ya riga ya dawo. Ranar Juma'a zanen gado yakan ɓaci, da la'asar kuma Direba ya nemi bargo alhali kowa yana gumi.

"Likita, a gida zuba yake yi," Malama ta gaya wa na farko, ta gaya wa na biyu, ta gaya wa na uku. "Har zazzaɓi yake sa masa."

"Amma yau bai zuba ba, Mama."

"Yau bai zuba ba."

"To kin gani."

Babbar likitar ƙashi, wadda ita kaɗai ke sa suna a jerin masu tiyata, ba ta ganin kowa sai wanda aka tura mata. Ba a kuma tura kowa sai da hujja: ko ciwo ya nuna a ido, ko gwaji ya nuna a takarda. Malama ta san irin wannan ƙa'ida, ta ma taɓa kafa irinta, sai dai ba ta taɓa tsayuwa ta wajen tagar ba.

A wata na goma likita na huɗu ya sa aka yi hoto. Ya ɗaga shi a gaban fitila, ya daɗe yana kallo. Kusoshi biyu na sama, na kusa da gwiwa, kowacce da baƙin zobe kewaye da ita, alamar ƙashin da ke riƙe da su ya fara cinyewa.

"In ya kai gwiwa fa?" Malama ta tambaya.

"Ba ma fatan haka, Mama."

"Ba fatanka na tambaya ba."

Ya kalli ƙofa, ta inda ake jiyo dariyar Tela. Daga nan ya ce zai rubuta a tura su wurin babbar likita, amma layin wata uku ne, kuma wanda gwajinsa ya nuna wani abu shi ake sa wa a gaba. Ya shafa tsinkensa kamar kullum.

Malama ta zaunar da mijinta kusa da Tela, ta rungumi littafinta, ta je ƙarshen barandan ta tsaya a bakin ƙofar da aka rubuta ba a shiga. Awa biyu da minti ashirin ta yi a tsaye. Da ƙofar ta buɗe, wata gajeriyar mace ce ta fito, da takalmin roba da shuɗiyar hula, riƙe da kofin shayi.

"Likita, ina da ƙorafi, kuma a rubuce yake."

"Mama, akwai ofishin..."

"Na je. Sun ce ba a ga fayil ba. Wata goma yaranki suna ce min ya warke. Ga abin da nake gani a gida, rana bi rana. In akwai sakaci a ɓangarena, ki nuna min da yatsa."

Wataƙila layukan rular ne suka ja hankalinta. Likitar ta karɓi littafin da hannu ɗaya, ta buɗe tsakiya, ta koma baya, ta sake yin gaba. Sannan ta ajiye kofin a bakin taga.

"Wa ya ce a ba shi wannan kafso?"

"Ku kuka rubuta."

"Na kwana bakwai, wata goma da suka wuce. Ke kuma kowace Asabar kafin ku zo?"

"Ba ta taɓa wuce ni ba," in ji Malama, da muryar mai karɓar lambar yabo.

"Ba wanda ya tambaye ki ko yana shan wani magani?"

"An tambaya. Ranar Talata ba ya sha. Litinin yake gamawa."

Likitar ta rufe ido na ɗan lokaci. "Mama, kina da tankin ruwa a gida?"

"Ina da shi."

"In kin shafa cikin bangonsa, me kike ji?"

"Santsi."

"In kin zuba magani a ruwan, santsin yana fita?"

"Sai an shiga da buroshi."

"To shi ne a jikin ƙarfen Baba. Ƙwayoyin cutar sun manne a ƙarfe, sun yi wa kansu rufi da wani yauƙi, suna kwance a ƙarƙashinsa. Magani ta jini yake tafiya, ƙarfe kuwa ba shi da jini. Kafsonki 'yan kaɗan ɗin da suka fito yawo kawai yake kashewa, kuma su kaɗai ne tsinken yarana zai iya kamawa. Kin kashe su, kin matse, kin wanke. Wata goma kina share mana sawu kafin mu iso."

Da wata ce da sai an maimaita mata. Malama kuwa ta gane nan take, domin ta fi kowa sanin abin da ake nufi da kai karyayyun bencina bayan sito. Ta dafa bango.

"Ba wanda ya gaya min."

"Gaskiya ne, wannan laifinmu ne. Yanzu ni zan gaya miki. Kwana goma sha huɗu: ba kafso, ba matsa, ba sirinji. In ya jiƙe, ki ɗora busasshiyar auduga a kai, shi ke nan. In zazzaɓi ya yi tsanani, ko ya fara sambatu, ko ja ya haura gwiwa, ki kawo shi nan take. In ba haka ba, Talata ta biyu daga yau ki kawo min shi yadda yake. Sai na san sunan abin da ke ciki kafin in san maganin da zai kashe shi."

"Zai yi wari."

"So nake ya yi."

"Ƙafar fa, Likita?"

"Sai na buɗe. Ba zan yi miki alkawarin abin da ban gani ba."

Malama ta ga wuya iri-iri a rayuwarta, ta taɓa riƙe yara ɗari da tara a aji ɗaya babu allo, amma ba a taɓa umartarta da ta ga ƙazanta ta bar ta ba. A kwana na uku ruwan ya dawo. A na bakwai warin ya bar ɗakin kwana ya shigo falo. Ta wanke labule, ta wanke firji, ta sauke duk kwanonin da ke kan kabad ta wanke ta mayar, domin hannunta yana buƙatar abin gogewa. Littafin dai ta ci gaba da cika shi, sai dai gurbin abin da aka yi yanzu kalma ɗaya ce a kullum: babu.

A kwana na tara yayar Direba ta zo dubiya. Tun daga bakin ƙofa ta kama bakin mayafinta ta kai hanci. Ta zauna nesa, ta dubi bandejin, ta dubi matar ƙaninta.

"Ashe ritayar har da jinya aka yi, Malama?"

"Likita ce ta ce a bar shi haka, Yaya."

"Likita. To madalla. Mu da ba mu yi boko ba, mun ɗauka ciwo wanke shi ake yi." Ta juya ga ƙaninta. "Kai kuma in babu mai wanke maka, ka yi min waya, hannuna bai mutu ba."

Malama ta raka ta har bakin titi, ta yi mata godiya, ta dawo ta shiga banɗaki ta kunna famfo, ta daɗe ba ta fito ba.

A kwana na goma sha ɗaya da la'asar Direba ya nemi bargo. Ta auna shi. Zazzaɓin bai kai wanda likita ta gargaɗe ta a kai ba, ja kuma bai haura gwiwa ba, amma haƙoransa suna haɗuwa. Ta buɗe jakarta ta ciro ragowar kafson.

"Ajiye shi," in ji shi.

"Guda biyu kawai, Malam. Kwana uku ya rage, zai fita daga jikinka kafin..."

"Hedimasta. Shekara talatin ina tuƙi, ban taɓa wanke inji kafin in kai wa bakanike ba. In ka wanke, ta ina zai ga inda mai ke yoyo?"

"Da ka san haka, me ya hana ka faɗa?"

"Na faɗa. Kika ce wari sakaci ne."

Ya miƙa hannu, ta ba shi kwalin. Ya tura shi ƙarƙashin cinyarsa ya danne, kamar yadda yake yi wa takardun mota a bakin shinge.

Ranar Talata ta biyu suka shiga barandan da bandeji mai rawaya a tsakiya, ruwan ƙasa a gefe, ƙafar wandon kuma a naɗe domin ta ƙi wucewa ta kan kumburin. Mutane suka matsa musu a benci fiye da yadda ladabi ya buƙata. Nas ɗin da ke teburin karɓa sabuwa ce, ba ta san su ba.

"Haba, Mama! Haka ake barin majinyaci? Ba ku da ruwa a gida ne?"

Malama ta miƙa katin. Tela ya dubi ƙafar, ya dubi Direba, karo na farko bai ce komai a kan takalmi ba, wannan kuwa ya fi maganar nas ɗin tsorata ta.

A ranar babbar likita ta duba shi, washegari da safe aka shiga da shi tiyata. Awa uku da minti arba'in Malama ta yi a bencin ƙofar da ba a shiga. Allurar baya aka yi masa, saboda haka idonsa biyu aka yi komai, kuma da yake an tare gabansa da ƙyalle, ta jikin ƙarfen fitilar da ke sama ya riƙa leƙen abin da ake yi, mai allurar kuma yana cike masa inda bai gani ba. Da la'asar, yana kwance a gadon asibiti da ƙafar a kan matashi biyu, ya ba ta rahoto.

"Gareji ne, Hedimasta. Wallahi gareji ne, sai dai su suna wanke hannu. Da farko ta ɗura wani shuɗin ruwa a ramin, kamar tawadarki. Wai duk inda ya bi ya rina, nan ne ɓarna take, nan za a cire. Sannan ta tsaga ta kan tsohon ɗinkin. Ta yanko nama da ƙashi gida biyar, kowanne da sabuwar wuƙa da sabon hantsaki, kowanne da kwalbarsa, kada na nan ya shafi na can. Sai na ji ta ce a miƙo sukurudireba. Kusoshi shida sai da ta yi nishi. Biyun sama kuwa da yatsa ta zare su."

"Da yatsa?"

"Da yatsa. Daga nan ta ɗauko wani ɗan cokali, bai fi na ba jariri magani ba, amma bakinsa kaifi ne. Ƙurr, ƙurr, ƙurr. Ba na jin zafi, amma ina jin sa har a haƙorina, kamar ana kankare ƙasan tukunya a cikin kaina. Ta gama da cokali, ta kawo wani ɗan inji mai juyawa ta bi ramukan kusoshin ɗaya bayan ɗaya. Ƙarshe sai injin feshi, irin namu na wankin mota, sai dai shi bugawa yake, tuf-tuf-tuf, yana fesawa yana zuƙewa. Leda tara ta ruwan gishiri na ƙirga. Na ce mata, Likita, tunda kin buɗe, ki duba min birki."

"Ka ce mata haka?"

"Ba ta yi dariya ba. Irinki ce."

Ba a jima ba likitar ta shigo, riƙe da wata kwalba mai faɗin baki, ƙarfen yana ciki a nutse a ruwa. Malama ta sa tabarau ta duba. Ta yi zaton za ta ga tsatsa ko datti. Ƙarfen yana ƙyalli kamar sabon cokali. Sai an karkata shi ake ganin wani shuɗi-shuɗi a cikin ramukan da kuma ɓangaren da ya kwanta a kan ƙashi.

"Ai tsaf yake," in ji ta.

"A ido. Akwai injin da ke girgiza shi da sauti, yauƙin ya saki ya zubo cikin ruwan, a shuka ruwan a ga abin da zai tsiro. Namu yana jiran wata waya tun bara, sai mun aika da shi wani asibitin." Ta ajiye kwalbar. "Na kankare har sai da ƙashi ya fara tsatso jini ɗigo-ɗigo, domin mataccen ƙashi ba ya jini. Na cire mai faɗin yatsa uku daga gefe, na cike gurbin da 'yan dunƙulen siminti masu magani, a jere kamar carbi. Bayan mako shida zan sake buɗewa in cire su, in ɗebo ƙashi daga ƙugunsa in dasa. Faɗin yatsa ɗaya ya rage ciwon ya shiga gwiwa."

"Ƙafar fa?"

"Yau tana nan. In gwaji ya ba mu suna, kuma muna da maganin da zai kama shi, za ta zauna."

Malama ta yi tambayar da ba ta son amsarta. "Da tun wata na biyu kika gan shi fa?"

"Da ƙarfen kawai zan cire, in wanke, in rufe."

"Kuloci fa, Likita?" in ji Direba.

"Baba, ka nemi mota mai canza giya da kanta."

"Wannan ai ba tuƙi ba ne, zama ne."

Takardar ta fito a kwana na shida. Kwalba huɗu daga cikin biyar sun tsiro, ruwan ƙarfen ma ya tsiro, duka abu ɗaya, mai suna dogo a kalma biyu. A ƙasa an jera magunguna, waɗanda ke kashe shi da waɗanda ya daina ji. Kafso mai ja da rawaya yana cikin jeri na biyu. Guda biyu ne suka rage a jeri na farko, asibitin kuma yana da ɗaya. Malama ta karanta takardar sau uku. Ba ta taɓa murna da sakamako mai muni haka ba, kuma ba ta samu wanda za ta yi wa faɗa a kai ba.

Kwana goma bayan tiyata, da safe kafin zagayen likitoci, ta ga ɗigo a kan bandejin, faɗin maɓalli. Akwai sabon bandeji a jakarta, kullum akwai. Hannunta ya kai bakin zip. Direba ya zuba mata ido. Ta janye hannun ta zauna a kansa.

Likitar ta shigo da matasanta a baya, har da likita na huɗu, wanda ya sunkuyar da kai. "Yaya ya kwana, Mama?"

Malama ta buɗe littafi. "Jiya da la'asar jikinsa ya ɗan yi ɗumi. Ya ƙi cin abincin rana. Ɗigon nan kuma da shi muka tashi. Ban taɓa shi ba."

Likitar ta kwance bandejin da kanta, ta danna gefen ɗinkin, ta duba audugar a haske, ta shinshina. "Ruwan ɗinki ne, ba mugunya ba. Kumburin ya sauka. In aka ci gaba haka, Baba, da ƙafarka za ka fita."

Tela, wanda ya hawo dubiya yana jingine da sandarsa a bakin ƙofa, ya girgiza kai. "Ka cuce ni, Direba. Har na fara tara tsumma."

Likitar ta juya za ta wuce gado na gaba, sai ta tsaya. "Maganin nan yana taɓa ƙoda. Ina so in ga yawan fitsarinsa tun jiya, da launinsa. Ina kwalbar?"

Kwalbar fitsarin tana bayan lokar gado. Malama ce ta tura ta can tun kafin ta ga ɗigon, bayan ta zubar da abin da ke ciki, ta wanke ta da sabulu, ta kife ta domin ta bushe.

"Hedimasta," in ji Direba, yana kallon silin.

"Ba wanda ya gaya min," in ji Malama, ta ciro biro.